Yarona ya wuce shekara biyu bai fara magana ba, ance nauyin baki ne

Wata baiwar Allah daga Pantami nan cikin Gombe ta turo min tambaya, tace ɗanta shekararsa biyu da wata huɗu, har yanzu ko Mama baya cewa, sai nuni da hannu da ihu in yana son abu. Yana ɗan wata goma yayi wani zazzaɓi mai zafi har da sanƙarewa, suka kwana tara a asibiti ana masa allurai. Kafin ciwon yana gwarancinsa lafiya lau, bayan ya warke sai yayi tsit. Surukarta tace nauyin baki ne na gado, ubansa ma sai da ya shekara uku, wata maƙwabciya kuma tace a kai shi wajen wanzami a yanke linzami. Ita dai hankalinta bai kwanta ba, amma in an buga ƙofa da ƙarfi ko an tada janareto yana waigowa, to ta yaya za'a ce baya ji? Tace in bata shawara.

Wa alaikumus salam Maman yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Ni awon ji shine sana'ata, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro nake aiki, kuma irin labarin nan naki ba satin da zai wuce ban ji shi ba, har da maganar surukar, kamar haɗa baki ake. Amsar a taƙaice itace ki kai shi a auna masa ji, cikin satin nan in da hali. Kar ki jira ya cika uku, kar ki jira bayan sallah, kar ki jira Baban ya samu sarari. Yaron da yake gwaranci, yayi zazzaɓi da sanƙarewa, sannan yayi shiru, mu a wajenmu kunne ake fara tuhuma har sai na'ura ta wanke shi. Wanzami kuma dan Allah a bar shi inda yake, linzami baya hana yaro cewa Mama, iyakacinsa ya ɓata wasu harufa, kuma aska a ƙarƙashin harshen yaro ba abin wasa bane.

Nauyin baki akwai shi, ban ce Hajiya surukarki ƙarya take ba. Akwai yaran da kunnensu ras, bakin ne kawai ya makara, daga baya su kamo tsaransu. Amma mai nauyin baki na gaskiya yana fahimta. Ki ce masa je ka ɗauko takalminka, baki nuna ba, baki kalli inda takalmin yake ba, baki saka mayafi ba, zai je ya ɗauko. Ki kira sunansa a hankali daga bayan labule zai waigo. Shi kuwa wanda baya ji sosai da ido yake rayuwa, kuma wallahi yaran nan wayo ne dasu kamar me, ya ga kin ɗauki mayafi da jaka ya ruga ya ɗauko takalmi, ke kice ai yaji, alhali gani yayi. Ya ga an shimfiɗa tabarma ya zo ya zauna cin abinci. Haka zai yi ta ruɗin mutanen gida shekara biyu uku ba wanda ya gane.

Abin da muke sa rai a wajen yaro mai ji, kafin wata uku yana razana da ƙara yana kuma yin lamo in yaji muryar uwarsa, wajen wata shida yana juyo da kai inda sauti ya fito, tsakanin wata shida zuwa goma ya shiga bababa da mamama, shekara ɗaya ya san sunansa ya san a'a kuma yana da kalma ɗaya ko biyu, shekara biyu kuwa ya kamata ace yana haɗa kalma biyu, Mama ruwa, Baba tafi, irin haka. Kuma kar wani yace miki wai don ana Fulatanci da Hausa a gida ne, ko Tangale da Hausa, ko Tera. A Gombe yaro nawa ne suka tashi da yare biyu uku kuma bakinsu kamar reza? Yare biyu baya rufe bakin yaro.

Yanzu maganar ƙofa da janareto, don nan ne kowa ke faɗawa. Ji ba kamar wutar NEPA bane da ko akwai ko babu. Mataki-mataki ne, kuma muna auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Raɗa bata wuce desibel 30, hira irin ta tsakar gida wajen 60 ce, bugun ƙofar ƙarfe ko janareto a kusa kuwa yana kaiwa 80 zuwa 90. To yaron da kunnensa baya fara kama sauti sai ya kai 70, kinga zai ji ƙofa, zai ji honin mota, zai ji tsawa, amma maganarki gaba ɗaya ta ƙarƙashinsa take wucewa. Banda haka ƙofa in ta bugu ƙasa na girgiza, iska na motsi, labule na kaɗawa, jikinsa ne yake ji ba lallai kunne ba. Tafi da ake yi a bayan kan yaro ma haka ne, iskar tafin na taɓa ƙeyarsa, ko ya hango inuwar hannu, ko ya ga yayarsa ta kalli wajen shima ya kalla.

Sannan akwai wani abu da mutane basu cika sani ba, sautukan magana ba ƙarfinsu ɗaya ba. A da o da u masu kauri ne masu ƙarfi, su kuwa s da sh da f da ts da k sirara ne marasa ƙarfi, kuma yawancin lalacewar kunnen ciki ta siraran take farawa. Sai ya zama ƙasa da fasa da tsatsa duk a-a yake ji. Yana kama tashi da faɗuwar murya amma harufan sun zube. Shi yasa wata uwar zata ce min ai yana kwaikwayon kiran sallah, in nace ta sa shi yayi sai kiji karin ya fito daidai, aaa-uuu, amma ba harafi ko ɗaya a ciki.

Ciwon da kika faɗa shi yafi ɗaga min hankali. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewa da kwana tara ana allura, ki duba katin sallama ko ki tambaya a duba fayil ɗinsa a ga me aka rubuta, domin in sanƙarau ne, yana cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara a yankinmu, kusan ɗaya cikin goma na yaran da suka tashi daga shi suna rasa wani abu na jinsu. Da yawa daga kuramen da suka manyanta yanzu, in na bi tarihinsu sai ya tsaya a annobar 1996, wadda ta ci dubban rayuka a Arewa. A ƙa'ida duk yaron da yayi sanƙarau ya kamata a auna jinsa kafin a sallame shi ko cikin wata guda, saboda ciwon yana iya sa wani sashe na can cikin kunne, mai siffar katantanwa, ya fara cikewa da ƙashi, in ya cike kuwa ko dashen na'ura ake so ayi sai yayi wuya. Amma a zahiri wa yake faɗa wa iyaye haka? Yaro ya farfaɗo ana ta godiyar Allah, an tafi gida kenan. Ba laifinki bane.

Allurai ma akwai masu taɓa kunne, irinsu jentamaisin da sitireftomaisin, kwinin ma yana sa kunne ya toshe ko yayi ta ƙara. Ban ce a guje su ba, jentamaisin ya ceci jarirai ba adadi, in likita ya auna nauyin yaro ya bada daidai kima. Inda matsalar take shine allurar kemis, yaro na zawo a soka masa, ba awo ba lissafi, gobe a sake.

Sauran dalilan a gurguje: ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a satin farko na haihuwa wadda ake zama da ita a gida ana shanya jariri a rana ana ba shi ruwan gulukos maimakon a kai asibiti a sa shi a fitila, doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, bakwaini, wasu cututtukan da uwa ke kamuwa dasu tana da ciki, sikila, da kuma gado, wanda auren zumunci kan fito dashi fili ko da iyayen duk suna ji. Sama da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka maganar ai babu kurma a danginmu bata kore komai. Mu nan da maƙwabtanmu na Bauchi sai mu ƙara da zazzaɓin Lassa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji. Ita hukumar dai tace yara miliyan 34 ne a duniya ke da rashin jin da ke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari daga abubuwan da za'a iya karewa ne. Allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, da ta sanƙarau, kyauta suke a asibitin unguwa, ƙannensa kar su rasa.

To me za'a yi masa in kin je? Ki nufi sashen kunne, wanda ma'aikata ke cewa ENT, a asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe, wanda yake Bauchi kuma asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Farko likita zai haska cikin kunnen da 'yar fitila ya ga ko datti ya toshe, ko akwai ruwa, ko dodon kunnen ya huje, ko ma ƙwayar wake ko dutsen ado, don mun sha ciro su. Sai gwajin timfanometri, ɗan roba ne ake sawa a bakin kunne ya hura iska kaɗan ya ga yadda dodon kunne ke motsi, minti ɗaya an gama, shi ke tona asirin ruwan da ya taru a baya. Sai OAE, shima ɗan roba ne, yana aika siririn sauti ciki, lafiyayyen kunne yana maido da wata 'yar amsa kuwwa, na'urar ta kama. In bata kama ba ba'a yanke hukunci nan take, don datti ko ruwa ko kukan yaro duk suna iya kayar dashi. Babban gwajin ga wanda bai isa a tambaye shi ba shine ABR, ana manna wasu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, a saka sauti, kwamfuta ta nuna ko saƙon yana bi ta jijiya yana isa ƙwaƙwalwa, kuma a wane ƙarfi. Ba zafi, ba shokin, ba allura, sai dai ɗan shekara biyu wani lokaci a ba shi maganin barci. Jaririn da yayi shawara mai tsanani dole sai da ABR, don shi yana iya cin OAE alhali jijiyar ce ta taɓu.

Akwai kuma awon da muke yi da wasa. Daga wata shida muna koya wa yaro in yaji sauti ya waiga ya ga wani abin wasa ya kunna wuta, daga shekara biyu da rabi zuwa uku kuma mu ba shi 'yan katakai, duk sanda yaji fiii ya jefa ɗaya a bokiti. Daga nan ake zana takardar da ake kira odiyogiram, ko wane kunne da layinsa. Ki karɓi kwafi, ki ɗauke shi a waya, ki adana kamar takardar fili, duk inda zaki je nan gaba ita za'a fara tambaya.

In kinje ance na'urar ABR babu ko ta lalace, kar ki dawo gida ki zauna, kice a rubuta miki takardar turawa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, aikinsu kenan kacokan, akwai asibitin Malam Aminu Kano, akwai na koyarwa a Jos. Nasan kuɗin mota ba wasa ba yanzu, amma tafiya ɗaya ce da zata raba gardama. A ƙasashe irin Amurka da Ingila ana gwada jarirai tun kafin su bar asibiti ko cikin satuttukan farko, ƙa'idar da ake bi a Amurka itace a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mu kuwa yawancin waɗanda ake kawo min sun kai uku, huɗu, wani sai an sa shi makaranta malami ya koro shi. Ke da kika taso a biyu da wata huɗu kin riga da yawa.

Sakamakon zai iya fitowa iri uku. Ko ace jinsa lafiya, to sai a juya wajen likitan yara a duba wasu abubuwan, irin galahanga ko jinkirin girma gaba ɗaya, musamman tunda yayi ciwon da ya taɓa kai. Ko ace matsalar ta hanya ce, wato datti ko ruwa ko hujin dodon kunne, wannan yawanci tana da magani. Ruwan bayan dodon kunne yakan janye da kansa cikin wata uku, in ya ƙi akwai ƙaramar tiyata da ake saka ɗan bututu, wani lokaci a haɗa da cire tsokar bayan hanci in itace ke toshewa, irin yaran nan masu minshari da barci baki buɗe. Kunne mai zubar mugunya kuma, tunda na san masu karatu da yawa shine damuwarsu, a daina ɗiga masa man ja da ruwan albasa da nonon uwa da turare, a daina soka tsinke da gashin kaza da auduga mai sanda. A murza tishu mai tsabta yayi tsini a tsane ruwan, a hana ruwan wanka shiga, a ɗiga maganin da likita ya rubuta. In bayan kunnen ya kumbura ko yaro ya fara zazzaɓi da ciwon kai da amai, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Na ukun shine ace kunnen ciki ne ko jijiya. Wannan gaskiya ɗaya ce, baya dawowa da ƙwaya ko allura ko ɗigo, kuma duk mai maganin da ya tsaya da lasifika a tasha yace yana buɗe kunnen kurma cikin kwana bakwai kuɗinki yake so. Addu'a kam a yi ta, ba dare ba rana, amma a haɗa da aiki. Abin da nake so ki riƙe a nan shine, ba kunnen ne muke tsere dashi ba, harshe ne, ina nufin yare a cikin kai. Ƙwaƙwalwar yaro tana kwasar yare ne da sauri a shekaru ukun farko, daga nan abin yana yin nauyi a hankali a hankali. Yaron da ya kai bakwai bai da yare ko ɗaya, ba na baki ba ba na hannu ba, ba magana kaɗai ya rasa ba, ya rasa abin da zai yi tunani dashi, ya tambaya dashi, ya faɗi wanda ya cuce shi dashi. Wannan ta ƙarshen ita tafi bani tsoro, musamman ga 'ya'ya mata.

Na'urar ji tana taimako ƙwarai in akwai sauran ji, kuma yawancinsu akwai saura. Ta yara itace mai ratayawa a bayan kunne, da ɗan roba da ake zubawa daidai ramin kunnensa, kuma sai an saita ta a kwamfuta bisa odiyogiram ɗinsa. Waɗanda ake tallatawa a Facebook da kasuwa, ko wanda ɗan uwa zai tsarabo daga Saudiyya ba awo, ƙara komai kawai suke yi, ko dai basu isa ba ko suyi yawa su ƙara ɓarna. Kunnen yaro yana girma, don haka robar sai an riƙa canzawa, in kika ji tana fito kamar usur to ta yi masa kaɗan ko bata zauna ba. Batirinta yana yin sati ɗaya zuwa biyu, kuma a ɓoye shi nesa, ɗan ƙaramin batirin nan in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni. Gumi lokacin zafi da ƙurar hunturu duk abokan gabarta ne, a goge kullum da dare. Kuma sawa ake daga tashi har barci, ba sai za'a je asibiti ba.

Wata yarinya aka taɓa kawo min daga wani ƙauye ta wajen Dukku, shekararta bakwai, bayanta duk shatin bulala, a makarantar allo ance kunnen ƙashi gareta, a gida ance raini, a kira ta sau uku bata amsa ba sai an jefe ta da takalmi. Muka auna, matsakaicin rashin ji ne kunne biyu. Ranar da aka saka mata na'ura uwar tana zaune a bayanta, ta ɗaga hannu zata gyara ɗankwali, awarwaronta suka yi ƙara, yarinyar ta juyo firgigit ta kama hannun tana jujjuya shi tana kaɗawa tana saurare. Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Bayan wata huɗu suka dawo, na tambayi na'ura, aka kwance ta daga bakin zani a ƙulle cikin leda, wai batir ya ƙare tun wata biyu, kuma dama in za'a je biki ko suna cire mata ake kar dangin uba su gani. Ranar nayi faɗa har sai da na ba kaina haƙuri. Tabarau ba'a jin kunyarsa, ban san me ya sa na kunne ya zama abin ɓoyo ba.

In rashin jin ya kai matuƙa har na'ura bata wadatar ba, akwai dashen koklia, tiyata ce ake saka waya a cikin katantanwar nan ta riƙa taɓa jijiya kai tsaye. Ana yi a wasu 'yan asibitoci a Najeriya, yafi amfani in anyi da ƙuruciya sosai, kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, kuma bayan tiyatar akwai zirga-zirgar saiti da koyon magana na shekaru da kayan gyara. Wanda Allah ya hore masa ko ya samu mai ɗaukar nauyi ya bincika da wuri, balle wanda sanƙarau ya taɓa. Amma ni bana son iyaye su jingina komai a kansa suna jiran tallafi yaro na girma ba yare.

Shi yasa nake cewa ki fara maganar hannu yau ɗin nan, tun kafin sakamako ya fito, babu abin da zaki yi asara. Nasan ana cewa in an koya masa hannu bazai yi magana ba, wannan ba haka bane, yaron da ya riga ya san cewa komai yana da suna yafi saurin kama na baki in na'ura ta zo. Hannun da yake nuna miki yanzu ki karɓa ki ƙara masa, ruwa da alamarsa, tuwo da alamarsa, Baba, Kaka, zafi, bayi, barci, ki yi alamar kina faɗin kalmar yana kallon fuskarki. Mu Hausawa ma muna da maganar hannu tamu tun kaka da kakanni, kurame na hira da ita a kasuwa da majalisa, a makarantu kuma ana koyar da wadda ta samo asali daga ta Amurka, wadda wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya taimaka wajen yaɗawa da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ki nemi kurame manya a unguwarku, akwai tela, akwai kafinta, akwai malamai masu digiri, suna da ƙungiyarsu, kuma ba wanda zai koya miki kamarsu. Ganinsu kaɗai zai rage miki kukan dare. Kuma gida duka za'a koya, ba uwa kaɗai ba, don abin tausayi ne yaro yana zaune ana hira ana dariya shi yana bin bakuna da ido. A daina kiransa bebe ko kurma kamar suna, yana da sunan da aka yanka masa rago.

Yadda zaki riƙa masa magana ma akwai dabara. Ki durƙuso daidai tsayinsa, ki taɓa kafaɗarsa ya kalle ki tukun, haske ya kasance a fuskarki ba a bayanki ba, kar ki yi ihu don ihu yana murguɗa baki ya ɓata kalma, ki matso kusa kawai, taku ɗaya ko biyu. A kashe rediyo da talabijin in ana masa magana. Kina wanke-wanke kina faɗa masa sunan kwano da cokali, kina masa wanka kina faɗin hannu, ƙafa, ciki, ki maimaita har ki gaji. A hanya kuma a riƙe hannunsa gam, baya jin mashin ko Keke Napep daga baya.

Makaranta in lokacinta yazo, mai matsakaicin rashin ji da na'ura zai iya zama da sauran yara, a sa shi layin gaba, a roƙi malami kar ya riƙa bayani yana fuskantar allo, haka a Islamiyya. Mai tsanani kuma akwai cibiyoyin ilimi na musamman na gwamnati a Gombe da Bauchi, ki je da ƙafarki ki gani kafin ki yanke shawara. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu kamar kowa, ba alfarma ake masa ba, bara kuma ba gadonsa bane.

Ita Hajiya kar ki yi musu da ita, ba zaki ci riba ba. Ki samu Baban a natse ki nuna masa wannan, shi ya faɗa mata cewa za'a je a duba ne don hankali ya kwanta, in ma nauyin bakin ne ai shikenan an huta. In zata yarda ku tafi tare ma yafi, kakar da ta ga layin kwamfuta da idonta ita ke komawa gida tana hana a cire wa jikanta na'ura. Ki tafi da katin rigakafi da duk takardun kwanciyar nan, ki tuno ko yayi shawara da aka haife shi, ko akwai mai matsalar ji a dangi ta kowane ɓangare. In an baki ranar ABR, ki tashe shi da asuba kar ki bari yayi barci a hanya, maganar abinci kuma ki tambaye su tun ranar da suka baki lokaci, don in za'a ba shi maganin barci akwai awannin da zasu ce kar ya ci komai.